Kube Biyu, Bindiga Ɗaya

An ce wai a zamanin da jirgin ƙasa yake tsayawa a birnin Tudun Marke sau biyu a mako, an yi wata mata a ƙauyen Bakin Gulbi, tafiyar hantsi daga birnin, ana kiran ta Tasalla mai banda. Bandar kifi ce sana'arta tun tana budurwa har furfura ta fara leƙo mata a goshi. Masunta su kawo mata tarwaɗa da kurungu, ta feɗe, ta wanke, ta jera a raga, ta zauna tana lallashin wuta don kada ta ci da yawa, kada kuma ta mutu. Shekara talatin tana wannan aiki, har ta kai idan hayaki ya taso daga bayan dangar maƙwabta ba sai ta leƙa ba, za ta ce maka wannan ƙirya ce, wancan kalgo ne ɗanye, na can kuwa karan dawa ne aka haɗa da ɓawon gyaɗa. Mutane suna tsokanar ta, wai hancinta ya fi idon wasu gani. To, a riƙe wannan magana, za ta yi amfani a gaba.

Mahaifinta shi ne Sarkin Baka Jatau, shugaban maharban wannan yanki. A ƙuruciyarsa an yi wani likita mutumin Amurka da ya zauna a can yana duba kutare, ana ce masa Likita Dogo. Wata damina gulbi ya kawo, kwalekwalen likitan ya kife, Jatau ya faɗa ruwa ya jawo shi da wuyan riga. Da likitan ya tsufa zai koma ƙasarsu, ba shi da ɗa, sai ya kira Jatau ya miƙa masa abin da ya fi so a duniya, wato bindigar kakansa da kubenta.

Bindigar doguwa ce irin ta ɗure, idan an tsayar da ita sai ta kai haɓar namiji. Bututunta mai kusurwa takwas, ƙotarta ta wani itace mai zane-zane kamar bayan kyanwa, da ɗan murfin tagulla a gefe. Kuben kuwa, kai, sai wanda ya gani. Fatar wata irin barewa ce ta ƙasarsu, laushi kamar tsohon zane. Bakinsa da ƙarshensa an shimfiɗa jan mulufi, an ɗinke shi da ƙananan duwatsun ado kamar ƙwayar gero, shuɗi-shuɗi da ruwan hoda da rawaya da fari, a jere cikin tsari, ga dogayen gezar fata suna reto har ƙasa. Likitan ya ce matan wata ƙabila ce ta 'yan asalin ƙasar suka yi shi, waɗanda Turawa ke kira Kuro, wai Hankaka ke nan da harshenmu, kuma ba da zare suke ɗinki ba, da jijiyar dabba. Tun daga ranar mutanen Bakin Gulbi suke ce masa kuben Hankaka.

Jatau bai cika fita daji da ita ba, yana da tasa ta farauta. Amma kowace Jumma'a da safe sai ya zare ta, ya shafe ta da man kaɗanya, ya mayar, ya rataye a wani ɗan ɗaki da ya gina mata a can ƙarshen gida. Wannan ɗaki ba a taɓa hura wuta a cikinsa ba, ko fitila ba a shiga da ita, saboda a nan yake ajiye albarushi. Kowane maharbi ya san wannan ƙa'ida. Tasalla tana ƙarama ta taɓa shan bulala a kan haka, ranar da ta bi ta ƙofar ɗakin da garwashi a kasko.

Da Jatau ya ji jikinsa ya fara ƙi, sai ya tara dattawan unguwa ya ce su shaida ya ba Tasalla bindiga da kube kyauta tun yana da rai, don kada su shiga rabon gado wani ya ɗauki wannan wani ya ɗauki wancan. Ya kama hannunta ya ce, "Tun kakan Likita ba a raba su ba. Ni ma ban raba su ba. Ke ma kada ki raba mata da rigarta." Ta ce, "Na ji, Baba." Bayan wata biyu Allah ya karɓi abinsa.

To, a birnin Tudun Marke akwai wani ɗan kasuwa, Alhaji Bawale, dillalin kayan da. Shi ne mai bin ƙauyuka yana sayen tsofaffin takubba da kujerun sassaƙa da kwari da baka, ya kai shagonsa kusa da tashar jirgi, Turawa masu tara irin waɗannan kaya su zo su saya. Mutum ne mai fara'a, mai zaƙin baki, kuma ya san kayansa ƙwarai, wannan ba a ƙwace masa ba. Ya san a ƙasashen waje akwai masu arzikin da ba su da abin so kamar tsofaffin dogayen bindigogi da kuben Hankaka, ya kuma san kuben shi kaɗai zai iya sayen gida da mota. Sau uku yana zuwa wajen Tasalla da maganar sayarwa, sau uku tana ba shi ruwa da bandar kifi ta sallame shi.

Zuwa na huɗu ya canza salo. Ya zauna a zaure ya yi ta yabon marigayi, sannan ya ce, "'Yar Sarki, na haƙura da saye, wallahi na haƙura. Alfarma ɗaya nake nema. Ki ara mini kuben kwana arba'in. Akwai wani baduku baƙo da ya sauka a wurina, hannunsa kamar na aljani, ina so ya ɗinka mini irinsa in rataye a shago don ado. Bindigar ma ba na so, ki riƙe abarki."

Tasalla ta tuna alkawarin da ta ɗauka. Maganar mahaifinta tana kunnenta. Amma lokacin da ciwon tsohon ya tsananta, wannan Alhaji Bawale ne ya ɗauke shi a motarsa ya kai shi asibiti, ya dawo da shi, bai karɓi ko goro ba. Kun san halin kunya, takan sa mutum ya yi abin da zuciyarsa take hana shi. Ta shiga ɗaki, ta zare bindigar, ta naɗe ta a tsohon gwadon mahaifinta, ta fito da kuben ta ba shi da hannu biyu. Motarsa ba ta ɓace wa ganinta ba ta fara da-na-sani.

Ranar kwana na arba'in, ranar Lahadi ce, sai ga shi ya dawo, bai ƙara ko yini ba. Ya kawo kuben a naɗe cikin sabon farin ƙyalle, ga goro, ga turmin atamfa na godiya. Ya yi addu'a, ya shiga mota, ya tafi.

Ta zauna a tabarma ta kwance ƙyallen. Ga kube nan kamar yadda ta san shi. Ga wurin da duwatsu uku suka zube a kusurwa, ga tabon da ke kusa da baki, ga gezar nan guda da ɓera ya taɓa ci ta gajarce. Ta ce alhamdu lillahi, ta ɗaga shi za ta kai ɗaki. Yana zuwa kusa da fuskarta ta tsaya cak.

Ta sake shinshinawa. Ta juya shi ta shinshina ta ɗaya gefen. Karan dawa ne da ɓawon gyaɗa, an ɗan yayyafa kashin shanu don hayakin ya yi kauri, kuma bai fi kwana goma da saukowa daga kan wuta ba. Abin da ya shekara hamsin a ɗakin da ko fitila ba ta shiga, ina ya samo wannan? Ta cusa hanci a bakinsa tana neman ƙamshin man kaɗanyar Jumma'a, babu.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kira kowa ba. Ta dubi bindigar a cikin gwado ta ce, "Ki yi haƙuri, ba zan sa miki rigar wani ba." Ta rufe kifinta, ta roƙi maƙwabciyarta ta kula mata da wuta.

Washegari da sassafe ta ɗora kuben a ka, ta saɓa bindigar a naɗe, ta kama hanyar birni da ƙafa. Hantsi ya yi tana ƙofar shagon Alhaji Bawale. Shago ne cike da kaya har rufi, a bayansa kuma akwai wata bukka da kullum hayaki ke fita ta jinkarta, alhali ba a taɓa ganin an sauke tukunya daga ciki ba. Tasalla ta ja iska sau ɗaya, ta gane hayakin kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta. Ta ɗaga kai, ga wani kube can a bango, sama inda hannu ba ya kaiwa.

"A'a, 'yar Sarki! Lafiya da sassafe haka? Ko atamfar ce ba ta yi ba?"

"Atamfa ta yi, Alhaji. Ga ta ma na dawo maka da ita. Kuskure aka yi wajen naɗi, an naɗo mini naka an bar nawa a bango. Sauko mini da shi in tafi, na bar kifi a wuta."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Kin ga aikin badukun nan ko? Ke da kika girma da shi ma ya rikita ki! Wancan na bango sabo ne fil, ruwan goro da shayi muka shafa masa ya yi duhu. Naki yana hannunki."

"Nawa ba ya warin bukkarka."

Fuskarsa ta ɗan canza, amma nan da nan ya gyara ta. "Tasalla, ke da kike kwana ki tashi cikin hayaki, komai ma ai warin hayaki zai yi miki. Je ki gida ki huta. Ni mutumin da ya ɗauki mahaifinki a mota ne."

"Ban manta ba. Shi ya sa na zo wurinka kafin in je wani wuri."

Ya juya mata baya ya shiga kakkaɓe wata kujera. Da ta fito, mai shagon kusa ya yi mata raɗa cewa akwai wani Bature mai tara tsofaffin bindigogi da zai sauka a jirgin Alhamis, kuma saboda shi Alhaji ya sa aka yi wa shago fenti. Tasalla ta ƙirga a ranta, yau Litinin. Idan kuben ya shiga jirgi ya haye teku, ba ita ba shi har abada, kuma ita ce da hannunta ta raba bindiga da rigarta.

Daga nan ba ta tsaya ko'ina ba sai kotun Alƙali Malam Ɗalhatu. Wannan alƙali dattijo ne siriri, mai magana a hankali kamar yana auna kowace kalma a sikeli. Muhutinsa, wato magatakardan da ke tsara masu ƙara, ya ce mata layi ya cika, sai mako na sama. Ta ce to. Ta je gindin darbejiyar da ke daidai ƙofar kotu ta zauna, ta kwance gwadon, ta ɗora doguwar bindigar a kan cinyarta. Kafin azahar duk masu ƙara sun koma ɗaya gefen titi, inuwar ta zama tata ita kaɗai.

Da alƙali ya fito zai tafi salla, ya gan ta, ya tsaya.

"Baiwar Allah, an ɗura ta?"

"Allah ya gafarta Malam, rabonta da albarushi tun Baba yana da ƙarfi."

"To me take yi a ƙofata?"

"Tsirara take, Malam. An tuɓe mata riga, ranar Alhamis za a sa rigar a jirgi. An ce in dawo mako na sama. Ni ba ni da wurin komawa da ita haka, shi ya sa muka zauna."

Alƙali ya dube ta, ya dubi bindigar, ya ce ta faɗi abin da ya faru a taƙaice. Da ta gama sai ya sa a je a gaya wa Alhaji Bawale ya zo jibi Laraba da hantsi, a kuma karɓo kuben da ke bangon shagonsa, kada ya kwana ko'ina yau sai a akwatin kotu. Ya karɓi na hannun Tasalla shi ma, aka ɗaura wa nata farin zare, na Alhaji baƙin zare, don kada su cakuɗe.

Ranar Laraba kotu ta cika maƙil, don labarin matar da ta zauna da bindiga ya zagaye gari. Aka shimfiɗa farin ƙyalle, aka jera kube biyu, kowa ya miƙa wuya. Wallahi ko tagwaye ba su kai su kama ba.

Alƙali ya fara da tambayar ina badukun da ya yi ɗinkin. Alhaji Bawale ya ce baƙo ne, ya gama aikinsa ya bi ayari ya yi arewa, bai bar adireshi ba. Aka kira Sarkin Dukawan gari, tsoho mai shekara saba'in a kan fata. Ya juya wannan, ya juya wancan, ya kai su bakin taga, ya daɗe. Sannan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, duka biyun da jijiya aka ɗinka su. Duwatsun duka tsofaffi ne, irin waɗanda dillalai ke da su a kwalba. Fatar ba irin jimarmu ba ce, ban san yadda tsufanta yake ba. Zuciyata ta karkata wani wuri, amma ba zan ɗauki rantsuwa a kan karkatar zuciya ba."

Aka ba Tasalla dama. Ta faɗi maganar ɗakin albarushi da ba a shiga da wuta, ta faɗi irin hayakin da ta ji, da abin da aka haɗa, da kwanakinsa. Ta ce, "Su masu sayar da kayan da sun saba da kujera da ƙwarya da aka ɗauko daga ɗakin girki, a wurinsu tsufa shi ne hayaki. Sun manta bindigar maharbi ba ta zama inda ake hura wuta." Maharba biyu da ke cikin taron suka gyaɗa kai.

Alhaji Bawale ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa. "Allah ya gafarta Malam, ina tausayin wannan baiwar Allah, amma ba ta san kayan da take riƙe da shi ba. Ni na sani, sana'ata ce. Mutanen Hankaka da hayaki suke jimar fatarsu, a tambayi duk wanda ya karanta. Idan irin wannan fata ta ji laimar damina sai tsohon warin ya taso. Kwana arba'in ya yi a shagona, rufina yana yoyo. Warin da take ji shi ne ma shaidar cewa nata na asali ne. Nawa ba ya wari don sabo ne, majemin gida ya jeme shi. A kawo Alƙur'ani in rantse."

"Ni ma a kawo," in ji Tasalla.

Alƙali ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Idan ya ba da rantsuwa, ɗayansu zai halaka kansa a gabansa, kuma wanda ake ƙara shi ke da rantsuwa, yana rantsewa ya tafi da kube. Idan ya bi hancin mai banda, littafi bai lissafa hanci cikin shaidu ba, gobe kowa sai ya zo ya ce ya shinshino haƙƙinsa a gidan wani. Tasalla ba ta sauke idonta daga kansa ba.

Can alƙali ya ɗago, fuskarsa a sake, kamar wanda ya gaji da shari'a yana son hira.

"Alhaji, ni jahili ne a wannan fanni, ka ƙara mini ilimi. Tsakanin na asali da kwaikwayo, tazarar tana da yawa ne? Ni ido na bai ga bambanci ba."

Alhaji Bawale ya ji an zo gonarsa. "Allah ya gafarta Malam, tazarar sama da ƙasa! Wannan nawa mai baƙin zare fata ce kawai da duwatsu da ladan ɗinki, ado ne na bango. Wancan nata mai farin zare kuwa, a duk ƙasar nan babu na biyunsa. Masu tara kaya suna tsallako teku saboda irinsa."

"Ikon Allah. Ka taɓa neman ta sayar maka?"

"Sau uku, Malam. Ga ta nan, ta faɗa in ƙarya nake."

"Har yanzu kana so?"

"Wane dillali ne ba zai so ba? Da za ta yarda, shagon nan da abin da ke ciki sai in ba ta."

"To da a ce, misali nake yi, ta ce ta ba ka shi ka ba ta na bangon nan, ba ƙari ba ragi?"

Alhaji ya yi dariya, jama'a suka taya shi. "Malam, wa zai yi wannan wauta? Ai da sai in yanka rago in yi sadaka!"

"A rubuta," in ji alƙali ga muhuti. Sannan ya juya. "Tasalla 'yar Jatau, kuben da ke da farin zare, wanda Alhaji ya shaida a gaban jama'a cewa naki ne halak malak, kin yarda ki ba shi, ki karɓi mai baƙin zare, da son ranki, ba wanda ya tilasta ki?"

Sai a lokacin ta gane inda dattijon ya dosa. Ta ce, "Na yarda, Malam. Na ba shi duniya da lahira."

Alƙali ya gyara zama, muryarsa ta koma ta hukunci. "Ku saurara. Shekara ashirin ina kan wannan buzu, kullum masu jayayya kowa cewa yake abu mai kyau nasa ne. Yau ga biyu, kowa yana cewa mai kyau yana hannun ɗan'uwansa. Ita ta ce na gaske yana wurinsa, shi ya ce na gaske yana wurinta. Ba sai na san mai gaskiya ba. Idan aka yi musanya, a bisa maganarta ta samu na gaske, a bisa maganarsa shi ma ya samu na gaske. Ba wanda zai fita daga nan da abin da bakinsa ya raina. Na hukunta a musanya. Alhaji, ɗauki mai farin zare, Allah ya sa albarka, kada ka manta da ragon."

Dariyar Alhaji Bawale ta bushe a fuskarsa. Muhuti ya sunkuya zai ɗauki mai baƙin zare ya miƙa wa Tasalla, sai ga hannun Alhaji ya riga shi, ya damƙe kuben ya manna a ƙirji.

"Allah ya gafarta Malam, ba zan iya ba. In cuci marainiya? In karɓe mata gadon uba da ɗan abin bango? Ina tsoron Allah!"

"Sau uku ka je ka raba ta da shi, tsoron bai zo maka ba sai yau da aka ba ka kyauta? Ta yafe, na shaida, jama'a sun shaida. Saki."

"Malam, na riga na saba da wannan ɗin, ya dace da bangon..."

"Alhaji," in ji alƙali a hankali, "dubi hannunka."

Kowa ya duba. Yatsunsa sun nutse cikin fatar, jijiyoyin hannun sun tashi, gumi yana bin gemunsa yana ɗiga a kan jan mulufin. Sarkin Dukawa ya ce daga inda yake zaune, "Sassauta mana, Alhaji, kada ka zubar da duwatsun abin bango." Kotu ta fashe da dariya.

Alƙali bai yi dariya ba. Ya ce, "Tun hantsi bakinka yake ba da shaida, na saurare shi har ya gama. Yanzu hannunka ya ba da tasa, kuma sun saɓa. Bakin ɗan kasuwa ya saba da ciniki, hannunsa kuwa bai taɓa riƙe abin banza haka ba. Ka taɓa yi wa mahaifin matar nan alheri, ba na so in sa dogari ya ɓamɓare yatsunka a gabanta. Miƙa mata da kanka."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tako, kansa a ƙasa, ya ajiye kuben a gaban Tasalla. Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Shaiɗan ne, 'yar Sarki."

"Shaiɗan bai san ɓawon gyaɗa ba, Alhaji," in ji ta. "Amma na yafe, saboda motar nan."

Ta ɗaga kuben ta kai hancinta. Can ciki, a ƙarƙashin ƙurar shago da warin sabon fenti, ga man kaɗanyar Jumma'a nan. Ta kwance gwadon, ta kama bindigar, ta sa bakinta a bakin kuben. Ba ta tura ba. Bindigar ta zame da kanta har ƙasa, kunamarta ta faɗa daidai wani ɗan gurbi da ta yi wa kanta a fatar tun kafin a haifi duk wanda ke cikin kotun. A nan ne hawayen da ta riƙe tun Lahadi suka zubo, ta share da bakin mayafi.

Alƙali ya ce da Alhaji Bawale, "Saura ɗaya. Mai farin zaren nan da ya zama naka yanzu aiki ne mai kyau, badukun da ya ruɗe Sarkin Dukawa ya cancanci a faɗi sunansa. Gobe muhutina zai zauna a shagonka idan baƙon ya sauka. Za ka gaya masa sabo ne, da wanda ya ɗinka, da bukkar da aka turara shi. In ya saya a haka, halal ɗinka ne."

An ce Baturen ya saya a haka, ya kuma nemi a kai shi Bakin Gulbi ya ga na asalin. Tasalla ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ta fito da bindiga cikin kubenta, ya duba har ya ƙoshi. Da ya fara maganar saye, ta ba shi ruwa da bandar kifi ta sallame shi. Da ya ce ko aro na yini ɗaya don ɗaukar hoto, sai ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce wa mai yi masa tafinta ya gaya masa hoto a nan za a ɗauka, tana tsaye. Ranar Jumma'a da safe ta shafe bindigar da man kaɗanya, ta mayar, ta rataye a ɗakin da ba a shiga da wuta, ta ja ƙofa.

Masu hankali da suka ji wannan shari'a sun ɗauki darasi guda daga cikinta, suka ce: idan bakin mutum ya raina abu, hannunsa kuma ya ƙi sakinsa, to a bar bakin ya yi ta zuba, a saurari hannun.